Yadda za a mayar da kududdufi tafki mai matakala irin na wuraren wankan ibada a Indiya

Kusan kowane gari a ƙasar Kano da Jigawa yana da kududdufinsa, kuma asalinsu ɗaya ne: an yi shekara da shekaru ana haƙar ƙasar gini, rami ya zauna, damina ta cika shi. A birnin Madurai da ke kudancin Indiya akwai wani tafki, Mariamman Teppakulam, wanda shi ma haka ya faro. Mutanen garin suna cewa daga nan aka ɗebi ƙasar tubalin fadar sarkinsu, Tirumalai Nayak. Wajen shekarar 1645 aka daidaita ramin, aka kewaye shi da matakalar dutse, aka jawo masa ruwa daga kogin Vaigai ta hanyar da aka gina. Kowane gefensa ya kai kusan mita 300, kuma har yau yana nan ana biki a kansa. Namu kududdufin kuwa yakan ƙare a matsayin juji, gidan sauro, da wurin da ake fargabar yaro ya faɗa.

Mabiya addinin Hindu suna kiran irin waɗannan wurare da sunaye da yawa gwargwadon yanki: kund, sarobar, pushkarini, kulam. Matakalar da ke sauka cikin ruwa ita ce gat. A aƙidarsu wanka a wurin yana kankare zunubi, musamman a wasu ranaku, shi ya sa tafkin Pushkar na jihar Rajastan yake da gat 52, kuma masu ibada ke cika tafkin Mahamaham na garin Kumbakonam maƙil sau ɗaya a shekara 12, kamar yadda aka yi a 2016. Aƙidar tasu ce, ba ita ta kawo mu ba. Abin dubawa shi ne mutanen da suka ɗauki ruwa da wannan muhimmanci sun yi ɗaruruwan shekaru suna koyon yadda ake tsare shi a ƙasa mai damina gajeriya da rani dogo, kamar tamu. Fasahar za ta yi mana amfani. Amma akwai abu ɗaya da in aka kwaikwaya kai tsaye za a jawo wa gari ciwo, za mu zo kansa.

A fara da hanyar ruwa, ba da ramin ba

Yawancin masu gyaran kududdufi suna fara da haƙa. Kuskure ne. Tafkin Madurai ɗin nan ya taɓa yin shekaru a bushe har samari suna wasa a cikinsa, ba don ramin ya lalace ba, sai don hanyar da ke kawo masa ruwa ta toshe. Da aka yashe hanyar, ruwa ya dawo. Haka tafkunan wuraren bauta da yawa a birnin Chennai suka ƙafe bayan an yi gine-gine a kan magudanansu.

Saboda haka tun damina tana tsaka, a watan Agusta, a samu mutum biyu ko uku su fita ana cikin ruwan sama su bi kwararar da ƙafa. Daga ina take tasowa, ta bayan gidan wa take bi, ina take haɗuwa da kwatar gari. A kafa turaku a hanyar. Duk reshen da ya ratsa ta kusa da masai, mahauta, marina ko turken dabbobi, a karkatar da shi, kada ya shiga tafkin. Masai ya kasance aƙalla mita 30 daga bakin ruwa, kuma ta gangare, ba ta tudu ba. Wannan magana sai an zauna da mai unguwa da dagaci tun kafin a ɗaga magirbi, domin hanyar ruwa ta kan filin mutane take bi, kuma wanda bai yarda a zaure ba zai toshe ta da daddare.

Lissafin ruwan ba shi da wuya. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan hekta ɗaya lita 10,000 ce. Idan wurinku yana samun milimita 700 a shekara, hekta ɗaya ta sha lita miliyan bakwai. Amma ba duka ke gangarowa ba. A gonar rairayi irin ta arewacin Jigawa, wajen Gumel da Maigatari, da ƙyar kashi ɗaya cikin goma ya iso. A tsakar gari mai daɓaɓɓiyar ƙasa da rufin kwano, ko gindin dutse irin na Dutse, Kazaure da Rano, ana iya samun kashi uku cikin goma. Wato hekta ɗaya za ta ba da tsakanin lita 700,000 da lita miliyan biyu. Da wannan za a yanke girman tafki, ba da girman buri ba.

Zurfi ya fi faɗi

Duk wanda ya ga hoton rijiyar Chand Baori ta ƙauyen Abhaneri a jihar Rajastan, mai hawa 13 da matakala wajen 3,500, zai lura tana tsukewa tana sauka kamar mazurari. Ba ado kawai ba ne. A ƙasa mai zafi, rana da iska sun fi mutane shan ruwan tafki. A nan wajenmu, daga ɗaukewar ruwa a Oktoba zuwa ƙarshen bazara, buɗaɗɗen ruwa yana iya sauka da kusan mita ɗaya da rabi ko da ba wanda ya ɗebi gwangwani. Iskar hunturu ma ba ta raga masa.

Ga misali. Tafki mai baki mita 30 a kan 30, zurfi mita 3, gefensa yana gangarawa mita biyu a kwance ga kowace mita ɗaya ta zurfi. Ƙasansa zai zama 18 a kan 18, ya ɗauki lita 1,764,000, sama da jarka 70,000 mai cin lita 25. Sai dai mita ɗaya da rabi ta sama ita kaɗai ke riƙe da lita 1,098,000. Idan rana ta shanye ta, saura 666,000. To a bar bakin yadda yake, a ƙara zurfin zuwa mita huɗu da rabi: abin da rana za ta sha bai canza ba, amma ragowar ya haura lita miliyan ɗaya. Kududdufin da bai kai mita biyu ba, kafin Maris ya zama taɓo, komai faɗinsa.

Sai dai zurfi yana da iyaka, kuma ƙasar wurin ce ke faɗarta. A haƙa ramukan gwaji uku ko huɗu a cikin kududdufin da rani, kowanne ya wuce zurfin da ake so da rabin mita. A duba shimfiɗun ƙasa. A ɗebi ta kowane mataki, a jiƙa, a murza ta a tafin hannu ta zama igiya mai kaurin ɗan yatsa, a lanƙwasa. Wadda ta lanƙwasu ba ta tsage ba, laka ce mai riƙe ruwa. Wadda ta wargaje, yashi ya yi mata yawa. Sannan a cika ramin da ruwa, a bar shi ya sha, a sake cikawa washegari, a rufe da zana, a sa alama. In ya sauka fiye da faɗin yatsu biyu ko uku a yini, wurin sai an yi masa shimfiɗar laka.

Shimfiɗar laka, da kuskuren yasa

Nan ne aiki ke lalacewa ko ya yi kyau. Tsohon kududdufi yana riƙe ruwa ne saboda laka mai laushi da ta kwanta a ƙasansa shekara da shekaru ta toshe ƙofofin yashi. Idan aka kawo motar haƙa ta kwashe har ta huda wannan shimfiɗa, ruwa zai zurare cikin makonni. Haka ta faru a Pushkar: wajen 2009 tafkin ya kusa ƙafewa ƙurmus bayan an yi masa yasa mai zurfi kuma damina ta yi ƙaranci, mutane da yawa suka ɗora laifin a kan yasar da ta taɓa shimfiɗar ƙasan. Idan tafki mai irin wannan daraja a wurin masu shi ya gamu da haka, mai mota da ake biya da awa ba zai tausaya wa kududdufin ƙauye ba. A tsaya a kansa, da sanda mai alama a hannu.

In an zurfafa, a mayar da shimfiɗar. A samo laka daga fadama ko daga inda masu ginin tukwane suke ɗiban yumɓu. A tsince saiwa da tsakuwa. Kaurin da ake so santimita 30 bayan daɓe, amma ba a zuba shi lokaci ɗaya: hawa uku ne, kowanne a zuba kamar santimita 15, a yayyafa ruwa har ta yi danshin da za ta dunƙulu ba ta manne wa hannu ba, a daɓe ta koma 10. Kafin a ɗora hawa na gaba a kankare fuskar na ƙasa kaɗan da manjagara don su kama juna. Shanu suna yin wannan aiki da kyau: a kora garke ciki ya yi ta zagaye, kofato yana cusa laka fiye da madaɓi. Gefuna ma a yi musu, har sama da inda ruwa zai tsaya, domin ta gefe ruwa ya fi gudu.

Laka in ta bushe tana tsagewa, kuma tsagar ba ta komawa daidai. Don haka a yi wannan aiki a ƙarshen bazara, Mayu zuwa farkon Yuni, kuma da an gama a lulluɓe da ƙasa ko marmara mai kaurin santimita 15. Wanda ya yi shimfiɗarsa a Janairu ya bar ta a rana wata huɗu ya yi aikin banza.

Matakala

Gangaren da aka ambata, biyu a kwance ɗaya a tsaye, shi ne daidai matakala mai tsayin santimita 15 da faɗin taku 30. Zurfin mita uku zai ci taki 20. Kada a yi su a jere ba hutu. Bayan kowane taki takwas ko goma a bar dandamali mai faɗin mita ɗaya ko fiye. A tafkin Surya Kund na Modhera a jihar Gujarat, wanda aka gina wajen 1026, matakalar gajeru ce, tana sauka a karkace daga dandamali zuwa dandamali. Amfaninta biyu: wanda santsi ya kwashe zai tsaya a dandamali na gaba, kuma duk inda ruwa ya janye akwai wurin ajiye tulu.

Ba dole ne a kewaye tafkin duka da matakala ba, kuɗin ba zai kai ba. Gefe ɗaya mai faɗin mita huɗu zuwa shida ya wadatar, sauran gefunan a jera musu dutse ko a dasa jema a sama da layin ruwa ta riƙe ƙasa. Inda akwai dutse kusa, a yi amfani da shi, ya fi bulo daɗewa a ruwa nesa ba kusa ba. Bulon yashi mai rami bai dace ba sam. Kwaɓin ɗaura dutse: buhun siminti ɗaya, kwanon magina takwas na yashi mai kaifi. Kankare na harsashi: buhu ɗaya, yashi kwano huɗu, tsakuwa kwano takwas. A fara gini daga ƙasa, a kan harsashin da ya nutse aƙalla rabin mita, a bi shi da laka a daɓe ta bayan ginin. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma kwana bakwai, in an samu goma sha huɗu ya fi.

Abu uku ke kashe matakala. Na farko, magini ya goge fuskarta ta yi sumul don kyau. Da gansakuka ta hau, ta zama tarko. A ja tsintsiya a kan simintin tun yana ɗanye. Na biyu, takun da ba su yi daidai da juna ba, ƙafa ta saba da 15 sai ta tarar da 22. A yi awo da tiyo mai ruwa da igiya, ba da ido ba. Na uku, ruwan da ke taruwa a bayan gini lokacin da tafki ya janye, ya turo matakalar gaba ta tsage. Maganinsa a hana ruwan sama shiga ta bayan ginin daga sama, kuma a bar 'yan ƙofofi a sashen da ke sama da shimfiɗar laka.

A Haridwar, inda kogin Ganga ke gudu da ƙarfi a gat ɗin Har ki Pauri, an ɗaura sarƙoƙi da ƙarafa da masu wanka ke riƙewa. Wannan dabara ce mai araha. A kafa bututun ƙarfe a gefen matakalar, a ja sarƙa ko igiya mai kauri har ƙasa. A kewaye tafkin da katanga ko waya mai ƙofa ɗaya. Yaran da kududdufi ke ci yawanci ta gefen da ba kowa suke zamewa. Kuma kada a taɓa rufe tsohuwar rijiya ko wani sashe na tafki da dakalin kankare a mayar da shi wurin zama. A birnin Indore, ran 30 ga Maris 2023, irin wannan rufi a kan tsohuwar rijiya mai matakala ya rufta da masu ibada, mutum 36 suka mutu.

Mashiga da mafita

Kafin ruwa ya faɗa tafki, a tare shi da ƙaramin rami, kamar mita uku a kan biyu, zurfin mita ɗaya, da ragar ƙarfe a bakinsa. A nan yashi da leda da kara za su kwanta. Ana kwashe shi sau biyu ko uku a damina, aikin mutum biyu da baro. In babu shi, tafkin ne zai zama ramin. Rijiyar Rani ki Vav ta garin Patan, wadda hotonta ke kan takardar kuɗin Indiya ta rupi 100, laka ce ta binne ta ɗaruruwan shekaru kafin a tono ta. Ruwan farko na shekara, mai ɗauke da dattin rani duka, a kauce masa gaba ɗaya: a toshe mashigar da buhunan yashi sai an yi ruwa biyu ko uku.

Mafita kuma a yi ta ƙasa da saman gaɓa da kamar rabin mita, mai faɗi, a shimfiɗe ta da dutse, a nuna mata inda za ta bi. Wanda ya ga yadda ambaliya ke cin gidajen ƙasa a Jigawa cikin Agusta da Satumba ya san ruwan da ba a yi wa hanya ba gidan maƙwabci yake nufa.

Abin da ba za a kwaikwaya ba

A Indiya mutane suna shiga tafkin su nutsa. Mu kada mu gina namu don haka. Dalili tsargiya. Ƙwan tsutsar yana fita ta fitsarin mai ciwon, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga wani ƙaramin dodon koɗi da ke maƙale a ganyen bado da ciyawar bakin ruwa, bayan 'yan makonni ya fito ya huda fatar duk wanda ya shiga. Indiya kusan ba ta da wannan ciwo, mu kuwa muna da shi a wuraren noman rani da kududdufai, har wasu na ɗaukar fitsarin jini alamar balagar yaro, alhali ciwo ne mai lalata mafitsara. Su ma Indiyawan sun ɗanɗana tasu: rijiyoyi masu matakala na Rajastan su ne suka riƙa yaɗa kurkunu, domin mai ciwon yana taka ruwan da wani zai sha. Cikin matakan da suka ɗauka har da hana shiga da ƙafa, aka koma ja da guga. An tabbatar Indiya ta rabu da kurkunu a 2000, Najeriya a 2013.

Tsarin da ya dace da mu yana can garin Rameswaram a kudancin Indiya. A haikalin garin akwai rijiyoyi 22, kuma ba shiga ake yi ba: ma'aikaci ne ke jawo ruwa da guga ya kwarara wa mutum. Haka za a yi. A haƙa rijiya mita uku zuwa biyar daga gefen tafki, a haɗa su da rami mai faɗin rabin mita, a cika shi da tsakuwa ta ɓangaren tafki, yashi mai kaifi a tsakiya, tsakuwa kuma ta ɓangaren rijiya, a rufe sama da laka. Ruwa zai tsatso a tace. Daga nan za a ja na wanka da wanki. A gina makewayi biyu, na maza da na mata, da dakalin wanki, duka ta gangare, ruwansu ya zarce lambu ko ramin tsotsewa, kada ya koma tafki. Dabbobi a yi musu kwami a waje. Matakalar ta zama ta masu yasa da masu ɗiba idan ruwa ya ja baya, su ma su tsaya a busasshen taki.

Ruwan da aka ɗebo kai tsaye daga tafki, in aka ajiye shi a randa ko duro kwana biyu cur, tsutsar tsargiya ta mutu, ana iya wanka da shi. Wannan bai mayar da shi ruwan sha ba. Na sha sai an tafasa ko an sa maganin tsarkake ruwa. A ƙauyukan jihar Tamil Nadu ma tafkin sha, wanda suke kira urani, daban yake da na wanka. Hadisin da ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu sananne ne, liman ya tuna wa jama'a shi ranar buɗe wurin, ya fi allon gargaɗi tasiri. Yaran da suka riga suka kamu a kai su asibiti, maganin ƙwaya ne da ake bayarwa gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, ana kuma raba shi a makarantu.

Wa zai riƙe mabuɗi

Tafkunan Indiya da suka rayu suna da masu kula da su, wurin bautar ne ke ɗaukar nauyi. Namu ma a ba shi mai shi tun ranar farko: mutum uku zuwa biyar, a ciki har da mace, tunda mata da yara ne masu ɗiba, da wakilin makiyaya in suna shayarwa a nan. Aikinsu na shekara sananne ne. Da kaka a cire bado, kainuwa da kachala kafin su yi iri, a jibge su nesa su bushe da dodon koɗin da ke jikinsu, masu aikin kuma su sa takalmin roba. A zuba 'ya'yan karfasa, suna rage tsutsar sauro. Cikin Afrilu, ruwa ya yi ƙasa, a kira gayya a kwashe sabuwar lakar da ta kwanta, a tsaya da an taɓa marmarar da aka lulluɓe shimfiɗa da ita. Lakar a kai gona, taki ce. A duba tsaga a matakala a cike. Bishiya a dasa ta mita goma ko fiye daga gaɓa, ta ɓangaren arewa maso gabas don ta karya iskar hunturu, amma ban da bishiyar turare, shan ruwanta ya yi yawa, saiwarta kuma tana bin danshi har ta huda laka.

Sai magana mafi wuya: daga ranar da aka yi shimfiɗa, an daina ɗiban ƙasar gini a wurin. Dagaci ya nuna wa masu tubali wani fili tun kafin a fara, in ba haka ba rani na farko za a wayi gari a tarar da jaki da mangala a gindin matakala.